Shaida a kan matasan da suka tsaya ƙofar masallaci a zamanin korona

An yi wa matasan Musulmi kuɗin goro a lokacin korona. Duk inda aka zauna sai ka ji ana cewa su ne masu kunnen ƙashi, su ne ba sa sa takunkumi, su ne ke kwaso cuta a waje su kai wa tsofaffi cikin gida. Akwai gaskiya a maganar, ba kuma za mu rufe ta ba. Sai dai mu da muka yi aiki tare da su a waɗancan watanni, wasunmu ma'aikatan lafiya, wasu 'yan kwamitin masallaci, wasu malaman Islamiyya, mun ga abin da mai hange daga nesa bai gani ba. Saurayi ɗaya kan kiyaye doka sarai a nan, bayan minti goma ya yi fatali da ita a can, alhali imaninsa bai ƙaru ba bai ragu ba. Inda aka faɗa masa dalili daga bakin wanda ya yarda da shi, aka kuma damƙa masa aikin da zai yi da hannunsa, sai ya tsaya har ya fi manya tsayuwa. Inda aka bar shi da "an hana" kawai, sai ya zame.

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Sanarwar ba ta wani girgiza matasa ba. Abin da ya shige su shi ne abin da suka gani a wayoyinsu: filin ɗawafi wayam sai masu shara, bayan Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi tun 27 ga Fabrairu, sai kuma ladan a Kuwait yana kiran sallah yana cewa kowa ya yi a gidansa, muryarsa na rawa. A tsakiyar watan Majalisar Manyan Malamai ta Azhar ta halatta dakatar da Juma'a da jam'i, ranar 17 Saudiyya ta dakatar da jam'i a masallatanta ban da Harami biyu, Masar ta rufe nata ranar 21. Nan matasa suka rabu gida biyu. Wasu suka ce tunda har aka janye mutane daga jikin Ka'aba, abin ya wuce wasa. Wasu suka ce ai wannan ma ita ce hujjar cewa makirci ne, an samu hanyar raba Musulmi da masallaci. Waɗannan na biyun yawanci ba 'yan shashanci ba ne. 'Yan sahun farko ne, masu asuba a jam'i, kuma daga cikinsu aka samu masu tara mutum ashirin a ɗaki guda su yi Juma'a a ɓoye, tagogi a rufe don kada a ji karatun liman. Da kyakkyawar niyya suka haɗa wa kansu wurin da ya fi ko'ina haɗari.

Tsawa ba ta yi tasiri a kansu ba, takardar da aka liƙa a bango ma haka. Abin da ya ci shi ne zama gajere, malami da ma'aikacin lafiya a wuri ɗaya, kowa ya faɗi nasa a gaban ɗan uwansa. Idan malami ya zo shi kaɗai, yaro zai ce ai malam bai karanta likitanci ba. Idan likita ya zo shi kaɗai, sai a ce bai san nauyin barin Juma'a ba. Idan suka zauna tare, ƙofofin biyu sun toshe.

Malamin da ya iya abin ba ya farawa da "ku bi shugabanni". Yana farawa da annobar Amwas a Sham, zamanin Sayyidina Umar. Halifa ya kama hanya, a wani wuri mai suna Sarga kwamandojin yaƙi suka tare shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Muhajirai, ya yi da Ansar, ya yi da dattawan Ƙuraishawa, sannan ya yanke a juya. Abu Ubaida ya ce masa, "Gudun ƙaddarar Allah za a yi?" Umar ya ce, "Na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya ji daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, idan ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudun ta. Abu Ubaida ya rasu a wannan annoba, Mu'azu ɗan Jabal ya bi shi, sannan Amru ɗan As ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. Saurayin da ya zo da shirin musu yakan yi shiru a nan, domin bai isa ya ce Umar ba shi da tawakkali ba. Daga nan malam ya kawo labarin Ibn Abbas da ya sa ladaninsa ya ce "ku yi sallah a gidajenku" ranar Juma'a saboda ruwan sama da taɓo, da labarin kuturun da ya zo cikin tawagar Saƙifa aka aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. In taɓo ya isa uzuri, ina ga cutar da ke kashe tsofaffi?

Ma'aikacin lafiya kuma abu uku kawai yake buƙatar ya dasa. Na ɗaya, daga ranar da mutum ya ɗauki ƙwayar zuwa ranar da zai ji ciwo yakan ɗauki kwana 5 ko 6, wani lokaci har 14. Na biyu, yana iya harbin wani tun kwana biyu kafin ya fara jin komai, wani ma har ya warke bai san ya yi ba. Na uku, saurayi galibi mura da zazzaɓi zai yi ya tashi, amma wanda ya haura shekara 60, ko mai ciwon suga, hawan jini ko ciwon zuciya, shi ne huhunsa ke kasawa. Saboda haka tambayar da ake yi wa yaro ba "kana tsoron mutuwa?" ba ce, don ba ya tsoro, kuma yana jin faɗin hakan ma ibada ne. Tambayar ita ce, "Wa ke kwana a ɗakin da ke kusa da naka?" Da zarar ya ambaci kakarsa ko mahaifinsa mai suga, maganar ta sauka. Ga mai ganin taron ibada ba ya yaɗa cuta, ana ba shi misalin taron wa'azi na masallacin Sri Petaling a Malesiya, daga 27 ga Fabrairu zuwa 1 ga Maris 2020, wanda ya tara kimanin mutum 16,000, daga baya aka danganta kamuwar sama da mutum 3,000 da shi.

Tambayoyin fiƙihu sun yi yawa, kuma duk inda aka bar su ba amsa, jita-jita ce ta amsa. Wanda bai samu Juma'a ba azahar zai yi raka'a huɗu. Bin liman ta rediyo ko ta waya daga gida, mafi yawan malamai sun ce bai inganta ba, a saurari wa'azin, a tashi a yi sallar gida. Tazara a sahu ba ta ɓata sallah. Rufe baki a sallah makaruhi ne a asali, amma larura na ɗauke karhancin. Sinadarin goge hannu mai ɗauke da alkohol, cibiyoyin fatawa irin su Darul Ifta ta Masar sun ce ba najasa ba ne, ana sallah da shi a hannu. Wata tambaya da ta yi ta dawowa: tunda muna alwala sau biyar, me ya kai mu ga sabulu? Amsar ita ce ƙwayar na da rigar maiƙo a jikinta, ruwa zalla ba ya fasa ta, kumfar sabulu ce ke yi, kuma sai an cuɗa na daƙiƙa 20 aƙalla, har tsakanin yatsu da bayan hannu da babban yatsa. Sabulu da farko, alwala daga baya.

Azumin 2020 ya kama a ƙarshen Afrilu, ana tsakiyar kulle. A Harami biyu an rage tarawihi zuwa raka'a goma, ba jama'a, an dakatar da i'itikafi. A gidaje kuwa wani abu ya faru da ba mu zata ba. Yaran da suka haddace izu biyar ko goma, waɗanda da ba wanda zai ba su limanci a masallaci, su suka koma limaman gidajensu, uba da uwa da ƙanne a bayansu. Irin waɗannan ba mu sha wahalar tsare su a gida ba, domin akwai mai jiran su da dare. Wanda ba shi da wannan nauyi shi ne ke sulalewa bayan isha'i zuwa wurin abokai. Idi ma haka aka yi a wurare da dama, raka'a biyu a gida ba huɗuba, bisa abin da aka ruwaito Anas ɗan Malik yana yi da iyalinsa idan Idi ya wuce shi. Hajjin shekarar, wanda a 2019 ya tara kusan mutum miliyan biyu da rabi, an taƙaita shi ga 'yan kaɗan daga mazauna Saudiyya, ba taɓa Ka'aba, duwatsun jifa ma an tsabtace su an ƙulla a jaka.

Da aka zo buɗe masallatai ne matasa suka nuna ko su wane ne. Saudiyya ta buɗe nata, ban da na Makka, ranar 31 ga Mayu 2020 da sharuɗɗa: tazarar mita biyu, kowa da sallayarsa, a rufe wurin alwala, huɗubar Juma'a da sallarta kada su wuce minti 15. Wasu ƙasashen sun tsaya a mita ɗaya, mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa. Rubuta sharaɗi abu ne mai sauƙi. Wanda zai durƙusa da tef ɗin awo da salatif ya zana wa kowa wurin tsayuwa, saurayi ne.

Ga yadda lissafin yake. Mai sallah na cin faɗin kamar santimita 60, sahu kuma na cin zurfin kamar mita ɗaya da santimita 20 saboda sujada. Ɗauki masallaci mai mita 12 a faɗi da 12 a tsawo: sahu goma ne, kowane na ɗaukar mutum 20, jimla 200. Idan za a bar mita ɗaya tsakanin kafaɗa da kafaɗa, sahu na ɗaukar 8. Idan mita biyu ne, 5. Idan kuma za a tsallake sahu ɗaya a bar shi fanko, mutum 200 sun koma 40 ko 25. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna mita ɗaya daga alama zuwa alama, a manta cewa jikin mutum zai cinye santimita 60 daga ciki, sai a tarar tazarar gaskiya santimita 40 ce kacal. Daga alama zuwa alama mita ɗaya da santimita 60 ake so. Alamun sahu na baya kuma a sa su saitin giɓin na gaba, kada kan mai sujada ya faɗa daidai dugadugan wani. Salatif ba ya kama kafet fiye da 'yan kwanaki, shi ya sa masu dabara suka naɗe kafet ɗin gaba ɗaya suka yi alama da fenti a daɓe. Wannan ya kuma sauƙaƙa goge ƙasa. Tun kafin a buɗe ƙofa dole a san inda mutum 160 da suka rage za su je: harabar waje, ko a raba Juma'a kashi biyu da rata a tsakani inda malaman wurin suka yarda. Inda ba a yi wannan tanadi ba, cunkoson da aka kora daga ciki a bakin ƙofa yake taruwa, ya fi na da muni.

Ruwan goge daɓe da hannun ƙofa da famfo, ƙarfin kulorin kashi 0.1 cikin ɗari ake nema. A duba jikin kwalbar bilic, ruwan nan mai kulorin da ake wanke fararen kaya da shi: in an rubuta kashi 5, awo ɗaya a cikin awo 49 na ruwa, wato mililita 20 a cike shi zuwa lita ɗaya. In kashi 3.5 ne, awo ɗaya a cikin 34. A fara wanke datti da sabulu, don datti na kashe ƙarfin kulorin, sannan a shafa a bar shi jiƙe na minti ɗaya aƙalla. Kullum a haɗa sabo, a ajiye shi a inuwa cikin mazubi mai murfi. Samari na da son ƙara ƙarfi, su zuba bilic da yawa ko su gauraya shi da wani sinadarin wanke bayi, abin da ke tayar da iska mai guba a wuri rufaffe. Fesa wa mutane sinadari a jiki kuwa, da rumfunan feshi da aka yi ta kafawa a ƙofofi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi ko da wane hali. Ba ya taɓa ƙwayar da ke cikin hanci da maƙogwaro, sai dai ya ƙona ido ya tayar wa masu asma.

Mun daɗe muna ba goge-goge muhimmancin da ya kamata mu ba iska. Daga baya ya bayyana sarai cewa cutar ta fi bi ta numfashin da ya taru a ɗaki rufaffe. Don haka a buɗe tagogin ɓangarori biyu masu fuskantar juna tun kafin mutane su shigo, a bar su buɗe bayan sun fita. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango iskar ciki take juyawa, ba ta kawo sabuwa. Fanka mai tsayuwa, a kafa ta a bakin taga tana hura waje, ta fi wadda ke kaɗa numfashin wani zuwa fuskar wani. Liman ya taƙaita karatu.

A bakin ƙofa mutum uku sun isa: mai na'urar auna zafi, mai sinadarin hannu, mai littafi. Na'urar nan da ake nuna wa goshi ta ba mutane natsuwar da ba ta cancanta ba. Goshin da ke jiƙe da ruwan alwala sanyi zai nuna, wanda ya taho cikin rana zafi zai nuna, wanda ya sha farasitamol zai wuce lafiya, mai ɗauke da cutar ba zazzaɓi ma haka. Da jita-jita ta bazu cewa haskenta na lalata ƙwaƙwalwa, sai aka koma nuna ta a wuyan hannu, awon ya ƙara lalacewa, alhali ita ba ta harba komai, zafin da fata ke fitarwa take karantawa. Tambayar baki ta fi ta amfani: "Akwai tari ko zazzaɓi? Ka daina jin ƙamshi ko ɗanɗano? Akwai mara lafiya a gida?" Sinadarin hannu kuma sai mai alkohol kashi 60 ko sama, a busasshen hannu, a murza har ya bushe. A jiƙaƙƙen hannu ruwa ne ke tsinka shi.

Aikin da ya fi kowane nauyi a ƙofar nan shi ne yaro ɗan shekara 19 ya gyara wa dattijon da ya girmi mahaifinsa. Ka ga tsoho ya taho, takunkumi a haɓa, carbi a hannu. Yaron zai ɗan rusuna, ya sa hannu a ƙirji maimakon ya miƙa, ya ce, "Barka da zuwa, Baba. Don Allah a ɗan ja shi sama, hancin na waje." Tsohon ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake sallah a nan." Yaron da aka horar ba ya musu. Yakan ce, "Haka ne, Baba. Don mu daɗe muna ganin ku a sahun gaba ne." Sau da yawa tsohon na gyarawa yana gunaguni ya wuce. In ya ƙi, ba aikin yaron ba ne ya tare shi da ƙirji. Dole a samu dattijo ɗaya daga kwamiti zaune kusa da ƙofa don irin wannan. Masallatan da suka bar samari su kaɗai da manya, cikin 'yan makonni samarin suka gaji da cin mutunci suka ajiye aikin.

Duk wannan tsari a cikin masallaci yake. Ana sallamewa sai ya rushe. Mutanen da suka tsaya mita biyu da juna na tsawon minti goma za su dunƙule a wurin takalma, kai da kai, kowa ya sunkuya yana neman nasa, a sauke takunkumi don a gaisa, hannu ya shiga hannu. Samarin da suka gama aikin ƙofa su ma sai su cire nasu su cunkusa cikin mota ɗaya, gilasai a rufe. Ba munafunci ba ne. Dokar a ransu ta masallaci ce, an fito an bar ta a ciki. Maganin na farkon mai sauƙi ne: kowa ya shiga da takalminsa a leda ya ajiye gefensa, a fita sahu-sahu daga na baya, ƙofar fita daban da ta shiga. Na biyun sai da aka zaunar da su aka nuna musu cewa minti 30 a mota rufaffiya ya fi sallar gaba ɗaya haɗari.

Littafin ƙofa, suna da lambar waya a kowace sallah, amfaninsa ranar da wani ya kamu. A ƙa'idar lokacin, wanda ake nema shi ne duk wanda ya zauna da shi fuska da fuska ƙasa da mita ɗaya na minti 15, tun daga kwana biyu kafin ciwon ya bayyana, ya killace kansa kwana 14. Matasa da yawa sun rubuta sunan ƙarya da lambar ƙarya, don tsoron a zo a ɗauke su ko a yi ta nuna gidansu da yatsa. Abin ya gyaru ne inda aka faɗa a lasifika cewa mutum biyu kaɗai ke riƙe littafin, ba a faɗin sunan wanda ya kamu, kuma ana yaga shafi bayan mako uku.

Killace kai a gida nan ne talauci ya nuna fuskarsa. Ƙa'idar lokacin ta ce wanda ya kamu ya keɓe kwana 10 daga fara ciwo, da ƙarin kwana uku ba alama, a ɗakinsa shi kaɗai, da kwanonsa da kofinsa. Gidan da mutum takwas ke ɗaki biyu fa? Abin da ake iya yi shi ne a juya lissafin: in ba za a iya keɓe mara lafiya ba, a keɓe tsohon gidan, shi a ba shi ɗakin. Sauran su kwana taga a buɗe, kan wannan saitin ƙafar wancan, mara lafiya da takunkumi, mai jinya mutum ɗaya tak, matashi mai lafiya. A nan 'yan mata suka ɗauki kaso mafi nauyi, kuma ba a cika ambaton su ba. Su aka koya wa alamun da ba a jira da su: numfashi sama-sama, kasa gama jimla ba tare da tsayawa ba, ciwon ƙirji, ruɗewa, leɓe ya sauya launi, ko na'urar yatsa ta nuna iskar oksijin ta yi ƙasa da 90.

Wankan gawa da can aikin dattawa ne, kuma su ne cutar ta fi nema. Sai samari da 'yan mata suka karɓa, da yawansu ba su taɓa ganin gawa kusa ba. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 24 ga Maris 2020 ta ce ba dole sai an ƙona gawar mai korona ba, ana iya binnewa, abin da ya zama hujja ga Musulmin Siri Lanka, inda aka tilasta ƙona gawarwaki har zuwa Fabrairun 2021. Mai wanka na sa riga mai hana ruwa shiga, takunkumi, kariyar ido da safar hannu. A rufe baki da hancin mamaci da ƙyalle kafin a juya shi, don iska na iya fitowa daga huhu. A zuba ruwa a hankali ba fantsama. Inda hukuma ta hana wanka a koma taimama, inda ta hana buɗe jakar da aka sa gawar ma a yi sallah haka, malamai sun ba da wannan sauƙi mataki-mataki. Wurin cire kayan ne aka fi kamuwa, lokacin da an gaji, zuciya ta karye, gumi na zuba cikin ido. Safar hannu da riga su fara fita, a wanke hannu, a cire kariyar ido, takunkumi ya zo ƙarshe ta igiyarsa daga baya, a sake wanke hannu. Mutum ɗaya ya tsaya gefe yana kiran matakan da baki. Kuma gawar ba ita ce babban haɗarin jana'iza ba. Masu rai ne, 'yan gidan da suka yi jinya, waɗanda kowa ke son ya rungume su ya yi musu ta'aziyya. Hana wannan rungumar shi ne abin da ya fi yi wa matasan ciwo, kuma sun yi.

Inda biyayya ta karye, mun ga dalilai, ba kuma duka laifin yaran ba ne. Wanda sai ya fita yake samun abin da zai ci ba ya iya kwana 14 a ɗaki in ba a kai masa komai ba. Wanda ya ga kasuwa cike masallaci a kulle, ko ya ga babban mutum ya tara jama'a a bikin 'yarsa ba wanda ya ce uffan, ya daina jin maganar a matsayin ta lafiya. A Indiya, bayan taron wa'azi na Nizamuddin a Delhi, an yi ta jingina cutar ga Musulmi baki ɗaya. A Ingila an sanar da hana ziyartar gidaje a wasu yankunan arewa a daren 30 ga Yuli 2020, sa'o'i kaɗan kafin Babbar Sallah. Ko da akwai hujjar lafiya a bayan matakin, yadda aka yi shi ya sa saurayi ya ji da shi ake, kuma wanda ya ji haka, karya doka kan zame masa kare mutunci. Sai gajiya: abin da aka ce na mako biyu ne ya shiga wata shida, ya shiga shekara.

Allurar rigakafi ta zo da nata surutan, wai tana hana haihuwa, wai akwai alade a ciki, wai ana dasa wata na'ura a jiki. Kamfanonin Pfizer, Moderna da AstraZeneca sun bayyana cewa babu sinadarin alade a allurarsu, Majalisar Malaman Indonesiya ta tabbatar da halaccin allurar Sinovac a Janairun 2021, kafin azumin shekarar kuma Babban Muftin Saudiyya ya ce allurar ba ta karya azumi. Hajjin 2021 ma, na mutum 60,000, sai wanda aka yi wa. Da yake da tsofaffi aka fara, matasa sun shigo ne a matsayin masu rakiya: su cike takarda, su riƙo hannun kaka, su zauna da ita minti 15 na sa ido bayan allura. A nan akwai abin da in aka tsallake shi ana asarar unguwa guda. Dole a faɗa wa mutum tun kafin a tsira masa cewa hannu zai yi tsami, zai iya yin zazzaɓi da ciwon jiki kwana ɗaya ko biyu. Wanda aka faɗa wa, in ya ji sai ya ce ai an gaya mini. Wanda ba a faɗa wa ba, kafin gari ya waye ya tura saƙon murya cewa an sa masa guba.

Allura ta biyu ce aka fi rasa mutane, musamman ta AstraZeneca da ratarta ke kai mako 8 zuwa 12, lokacin da kati ya ɓace, tsoro ya ragu. Abin da aka yi shi ne raba sunaye tsakanin samarin nan na ƙofa, kowa ya ɗauki gida goma da ya sani, ya rubuta ranar komawar kowa, ya kira ana saura kwana biyu, ranar kuma ya je ya tsaya a ƙofar gida har a fito. Saƙon da cibiyar lafiya ke turawa daga baƙuwar lamba mutane kan share ba su karanta ba, amma ɗan maƙwabci in ya yi sallama ya ce, "Inna, yau ce ranar, na zo mu tafi," sai ta ɗauko mayafinta.